Baƙin Tsamiyar Gwaggo

Ana idar da sallar asuba muka bar Kumasi, ni da ƙanwata, da niyyar ɗauko gwaggonmu daga Gbalahi, bayan garin Tamale. Tari ya ci ƙarfinta, don hayaƙin jujin sharar da ke kusa da gidanta har ɗakinta yake shiga, amma ta rantse ba za ta tashi ba.

Kuɗin mota ya hau, hanya kuwa tana nan yadda na san ta. Daga Kintampo buhunan gawayi suka fara yi mana jerin gwano a bakin titi, dajin da na sani ina yaro ya koma fili. Ƙanwata ba ta ga ko ɗaya ba. Ta dulmiya cikin katun ɗin Japan a waya, har waken da muka saya a Buipe ya huce a cinyarta.

Mun kwana gidan dangi a Tishigu, da safe muka shiga keke mai ƙafa uku zuwa Gbalahi. Wari ne ya fara tarbar mu. Leda ta rufe gonaki, kaɗanyar da Gwaggo ke tsintar 'ya'yanta duk an sare. Tsamiya ɗaya ta rage bayan ɗakinta. Ta ce nan ne mazaunin iskokin dajin, kullum da safe tana gaishe su, kuma ba a barin maƙwabci shi kaɗai. Na yi lallashi har bakina ya bushe.

Da la'asar ƙanwata ta kunna mata katun ɗin don ta ɗebe kewa, ina fassarawa. Labarin iskokin wani daji ne da mutane suka zo da injuna za su share. Suka yi tsafi, suka yi faɗa, aka ci su, suka watse. Gwaggo ta matso da wayar har kusa da hancinta, tana kallo tana tari.

Da ya ƙare ta ce, "Su har faɗa sun yi. Nawa ko sallama ba su yi mini ba." Ashe ta daɗe ba ta ji motsinsu ba. Zaman da take yi, don kada su komo su tarar ba kowa ne.

Sai ta dube ni. "Ɗana, na Japan ɗin, sun komo?"

Ƙanwata ta taka mini ƙafa. Amma ban iya yi wa Gwaggo ƙarya ba, na ce ba su komo ba. Sai ta ce a miƙo mata jakarta.

Washegari muka juyo Kumasi mu uku, kowa a gida yana yaba mini. Ni kam baƙin ciki ne ya cika ni. Tafiyar ta koya mini ba hayaƙi ba ne ke tayar da mutum daga gidansa. Tarin Gwaggo ya yi sauƙi yanzu, sai dai tunda muka iso ba ta ƙara gaishe da kowa da safe ba.