Farin Zare Guda a Saƙar Baba

Da cikina ya tsufa, maigidana ya ɗauke ni a gaban motarsa ta kaya daga Ƙaura ya kai ni gidanmu a Zurmi goyon ciki. Na daɗe a ɗakin aure ban samu ba, har masu yi mini addu'a a gabana suka gaji suka koma yi da ni a bayana. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ina da injin saƙa da nake yin rigunan sanyi da hulunan jarirai da shi, kuma na rantse ba inda za ni in bar shi. Maigidan ya yi mita har ya gaji, aka dai ɗora shi kan buhunan gero.

Baba masaƙi ne, ubansa ma haka. A gidanmu ba a taɓa fara goya jariri da zanen kasuwa ba, sai wanda aka saƙa a gida. Da shi aka goye ni, da shi aka goyi ƙannena. Sai dai a shekarar yanar ido ta rufe idanun Baba, har in ka shigo sai ka yi magana yake gane ka. Ya dawo da masaƙarsa cikin gida gindin darbejiya. Bai taɓa ambaton cikina ba, don kunya, sai dai ya ce wa Inna, "Baƙon ga da ka tahe, ba ya iske mu hannu sake ba."

Ranar da na kafa injina ya zo ya tsuguna yana saurare. Na ja kan injin dama, na ja hagu, allurai suka yi ta ƙara, kafin a jima hannun riga ya sauko. Ya shafa shi ciki da bai, ya ja, ya saki, ya ga ya koma.

"Ke, ina zaren tsaye nai?"

Na ce babu, zare ɗaya ne ke kama kansa da kansa. Don in nuna masa, na kama bakin zaren na ja, hannun rigar ya warware tas ya zama tulin ulu a cinyata. Baba ya riƙe baki. "Ikon Allah! Tuhwa babu tsaye. Na daɗe duniya." Ya yi ta maimaitawa har Inna ta ce ya tashi ya bar yarinya ta yi aikinta.

Nasa aikin kuwa da zaren tsaye yake farawa. Na sha ganin wadari tun ina ƙarama, amma ban taɓa tsayawa na kalla ba sai wannan karon. Ya kafa turaku a jikin katanga, ya riƙa kai da kawowa tsakaninsu yana jan zaren da ya sha shuni har ya yi baƙi, ba sanda, ba ɗan jagora, ƙafarsa ta san inda kowane turke yake. Bayan nan ya zauna zura zaren ɗaya bayan ɗaya cikin allera mai ɗaga zare da matsefi mai buga shi. Wannan ne ya ci sauran ganinsa. Ya kan kai fuskarsa har ta kusa taɓa zaren, hawaye na zuba, ya share ya ci gaba, kwana da kwanaki. Da ya gama ya ce wa Inna, "Wanga shi na na ƙarshe."

Da aka miƙe zaren aka ɗaure shi a kunkuru, wato dutsen da ke riƙe shi can nesa, sai na hango abin da ya tayar mini da hankali. A tsakiyar baƙin nan akwai farin zare guda, ya miƙe tun daga gaban Baba har ƙarshe. Kuskuren zaren kwance wuri ɗaya yake tsayawa, amma na tsaye yana bin saƙa duk tsawonta, kowace ƙwarya, wato siririn yankin saƙa, aka yanko da shi za ta fito. Ni kuma ba na iya ganin abu a karkace in yi shiru, halina ne. Na buɗe baki ke nan Inna ta damƙe mini hannu ta ja ni ɗaki.

"Kul! Kin san halinai. In ya ji, yanke shi za ya yi duka, kuma ba shi da idon sake zurawa. Ki bar mai abinai."

Na bi maganarta, amma na sha wuya. Kullum da hantsi ina zaune a tabarma ƙafafuna a kumbure, ina kallonsa. Ya taka, zare ya buɗe baki, ƙoshiya mai ɗauke da zaren kwance ta wuce, matsefi ya buga, ya sake takawa ta dawo. Ko sau ɗaya ban ga ta faɗi ba. Kunkuru na matsowa a hankali, ni ma kwanana na matsowa, ina roƙon Allah Baba ya riga ni gamawa. Wani lokaci sai in manta da farin zaren, in saki baki ina kallon tsohon da ba ya ganin fuskata yana fitar da tufa santala-santala. Maƙwabciya ta shigo ta ce, "A'a, wanga hwarin fa?" Inna ta harare ta har ta haɗiye sauran.

Ya riga ni da 'yan kwanaki. Aka ɗinke ƙwaryoyin, zane ya fito baƙi wuluk da fararen layuka sirara. Na haifi mace.

Bayan suna ya kira ni, ya ɗora mini zanen a hannu, babban yatsansa na bin layin nan.

"Ke da uwarki kun yi ta ƙus-ƙus bisa hwarin ga. Kuna cewa ban ji ba?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Baba, mun ɗauka kuskure ne."

Ya yi dariya. "Ni na sa shi da hannuna. Baƙin duk ya ɓace min, ɗiyata. Cikin saƙag ga duka shi ɗai nika gani. In ya hau in jehwa ƙoshiya, in ya sauka in maido ta. Shi yaj ja ni har ƙarshe."

Kuka ya zo mini, na rufe fuska da zanen, yana ta ƙanshin shuni. Inna da ke bakin ƙofa ta juya ta shige madafa.

"To, kukan ya isa," in ji shi. "Goya ta ki juyo min baya."

Inna ta dawo ta ɗora mini jaririyar, na ɗaure, na juya. Ya matso da fuskarsa kusa, kamar yadda ya yi wa allera, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗora tafin hannunsa daidai inda fararen layukan suka lanƙwasa bisa bayan jaririyar.

"Ga ta nan," ya ce. "Na gane ta."