Ranar da Goggo ta kai mu wasa bisa amalanke

Shekarun da nake kiɗan piyano a wuraren biki, ni da taubashina muke aikin. Piyanon nawa ne, yayana ya aiko mini da shi daga Libiya. Shi kuma yana da bafful biyu, manyan akwatunan sauti, da ampili, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da tsohon batir na babbar mota. Mota ce kawai ba mu da ita, kuma duk Madawa an san haka. Kabu-kabu uku muke tsayarwa, in rungume piyano a tsaye ko gabana ban gani, taubashina na baya yana ta roƙon masu moto su bi a hankali.

Wata Asabar malaman wata makaranta sunka kira mu wasan ƙarshen shekara, ƙarfe goma na safe. Ruwa ya sauka da asuba, unguwarmu ta zama taɓo. Duk mai moton da ya ga kayan sai ya kaɗa kai ya wuce.

Goggona, ƙanwar mahaifina, tana da amalanken jaki da take kai albasa kasuwa. Na je na durƙusa na roƙe ta. Ta ce ta yarda, amma ita za ta ja, don jakin ba ya jin maganar kowa sai tata. Ta ɗaura ɗankwali, ta hau gaba. Taubashina ya ce tunda mun makara, bari ya haɗa wayoyin tun a gida, in munka isa sai kiɗi kawai. Ya haɗa komai da batir. Na zauna tsakanin bafful biyu, piyano bisa cinya.

Jakin tafiya yake kamar an tashe shi daga barci. Muna dab da hawa kwalta ƙafar amalanke ta faɗa rami, gwiwar hannuna ta danna maɓallin kiɗan ganga na jikin piyano. Bafful biyu sunka saki kiɗi a bayan kunnensa. Jaki ya miƙe kunnuwa, ya zabura. Taubashina, da ke tafiya a ƙasa, ya biyo mu da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

Na kai hannu zan kashe, Goggo ta waiwayo tana dariya har da hawaye.

"Kada ka taɓa, ɗana. Shekara bakwai ban san yana da wannan gudun ba."

To, sai na ɗora yatsu na shiga bugawa. Munka ratsa bakin kasuwa haka. Mahauta sunka ɗaga wuƙaƙe suna kai gaisuwa, mata masu tuyar ƙosai suna rangaɗa guɗa, wani direban babbar mota ya riƙa amsa mini da oda daidai da kiɗin. Ni kuwa dariya ta hana ni bin waƙar, yatsuna sai zamewa suke.

Da munka shiga makarantar, mutanen da ke bayanmu sun fi waɗanda anka gayyata yawa. Darakta na tsaye da takardar jawabinsa. Ya dube mu, ya naɗe ta, ya sa aljihu, ya ce a ƙaro benci.

Waƙa biyu munka yi, ta uku na tsakiya batir ya mutu, don mun shanye shi a hanya. Fili ya yi tsit. Taubashina ya duƙa yana murɗa wayoyin da ya san lafiyarsu lau. Sai Goggo ta sauko daga amalanke, ta gyara zane, ta tafa hannu, ta ɗauko wata waƙar daka ta ƙuruciyarsu. Uwayen ɗalibai sunka amsa gaba ɗaya. Har azahar ana rawa, ni ina zaune a inuwar itacen bedi da kwanon shinkafa, ina tafi da hannu mai maiƙo.