Man Giyar Motar Baba

Ban sani ba ko ka taɓa shinshina man giyar mota da ya ƙone. Ba irin warin baƙin man inji ba ne, shi wani ƙauri gare shi kamar na sukarin da aka manta a kan wuta. Shekaran jiya na tsaya a wani gareji da ke hanyar kasuwa, wani makanike ya tsiyaye shi a tasa kusa da ni, sai kawai na tsinci kaina a ƙofar gidanmu ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Babana mutumin Damagaram ne. Aikin koyarwa ya kawo shi Diffa, ya auri Inna, Babarbariya 'yar bakin kogin Komadugu. Duk unguwa Mushe ake ce masa, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Wata shekara babur ya kayar da shi cikin yashi a hanyar wani ƙauye wajen Maine-Soroa, raunin ya ƙi warkewa, har likitoci suka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Shekara guda ya yi a zaure, ba ya zuwa ko'ina. Daga baya ya sayi wata tsohuwar mota a hannun wani likita da aka mayar yamma da aiki, irin wadda ke canza giya da kanta, ba ta da kuloci, ƙafar dama kaɗai take buƙata. Ranar da ya fara tuƙa ta na ga haƙoran Baba a waje bayan dogon lokaci.

A ranar ce kuma Kawu, yayan Inna, ya yi ɓaranɓarama. Tsohon direban manyan motoci ne, mai yawan raha. Ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya ce a gaban maƙwabta, "Mushe, wannan ai motar ragwaye ce." Aka yi dariya. Abin ya ƙona wa Baba rai, daga ranar sai gaisuwar Sallah kawai ke haɗa su, har shekara biyu.

Ni ce abokiyar tafiyar Baba. Da safe ya sauke ni lakkol, wato makaranta, ranar da babu karatu mu nufi gonar tattasai da dangin Inna suka yanka masa a bakin kogi. In lokacin tsinka ya zo, ko'ina ka duba ja ne, an shanya tattasai a ƙasa har iyakar ganinka, ƙamshinsa na sa atishawa. Baba yakan tsayar da motar a inuwar tsamiya, ya buɗe ƙofa, yana kallon masu aiki yana jin ƙarar injin ban-ruwa.

A irin wannan lokaci motar ta fara ciwo. Da safe in ya sa giya, sai na ƙirga biyar a zuciyata kafin ta kama. Injin ya yi ta ruri, ita kuwa tana jan jiki kamar tsohuwar jaka. Wata Talata, ranar kasuwa, ta ƙi hawa ɗan tudun yashin da ke kusa da masu kifi. Sai da maza suka taru suka tura mu, har da waɗanda Baba ya koyar a aji. Ya yi musu godiya kansa a sunkuye. Masu gareji suka ce akwatin giyar, da suke kira buwat, ya mutu, kuma babu mai iya buɗe irinsa a garin. Baba ya rataye makulli a ƙusa, ya koma zaure.

Na riga na san yadda zaman zauren nan yake, ban kuma yarda mu sake komawa cikinsa ba. Ran Alhamis bayan an tashi lakkol na wuce gidan Kawu ban gaya wa kowa ba. Na same shi yana shan shayi a gindin dalbejiya. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya ajiye kofin.

"Fero," ya ce, haka yake kiran kowace yarinya da Barbarci, "in ta yi zafi tana tafiya?"

Na ce tana tafiya, sai dai in za ta canza giya tana yi kamar mai shaƙuwa.

"Baya fa?"

"Tana zuwa baya lafiya lau."

"Tun da ya saye ta, kin taɓa ganin an yi wa buwat juye?"

Na ce man inji kaɗai na ga ana canzawa.

"To ba ta mutu ba," in ji shi. Ashe da ƙuruciyarsa ya yi wa wani attajiri tuƙi a Maiduguri, mai irin wannan mota, kuma shi ne ke kula da ita.

Bayan kwana goma sai ga shi da hantsi, ɗauke da galan biyu da wani ƙunshi da abokansa direbobi suka kawo masa daga ƙetaren iyaka. Baba ya dube shi, ya dubi kayan. "Alhaji, wa ya kira ku?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Kallon da ya yi mini har yau ina jin nauyinsa. Kawu ya cire hularsa ya ajiye a kan dakali. "Mushe, bakina ne ya yi ɓarna. Ka bar hannuna ya gyara." Sannan Baba ya ce in ɗauko makulli.

Kawu ya tayar da motar ta ɗan ɗumama, ya zaro sandar gwajin man giya, ya goga a farin ƙyalle. Man ya fito ruwan ƙasa, da wannan ƙaurin. Ya kashe inji, ya ɗaga gaban motar, ya tokare ta da kututture biyu, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙasa. Baba bai tsaya kallo daga nesa ba. Ya jingine sandar da yake dogarawa, ya zauna a tabarma dab da taya, yana karɓar notuna ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a kwano.

A ƙarƙashin buwat akwai wani faranti mai zurfi da man ke kwanciya a ciki. Kawu bai kwance shi gaba ɗaya ba. Ya sassauta gefe guda, man ya riƙa zuba ta kusurwa cikin tasa, sai da ya tsane sannan ya sauke shi. A cikin farantin akwai ɗan maganaɗisu da baƙin abu ya lulluɓe. Ya lakato ya murza tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana murzawa, mu kuma muna kallon fuskarsa.

"Da na ji ɓarɓashin ƙarfe, da sai dai haƙuri," ya ce. "Wannan laushi ne kamar kwalli. Da sauran ranta."

Ya ciro tsohon filta, wato matatar man, ya miƙa wa Baba. Ya toshe ƙam, ko haske ba ya ratsa shi. Kawu ya sa sabo, ya wanke farantin tas, ya kankare tsohuwar robar bakinsa ya ɗora sabuwa. Da zai ɗaure notunan, sai ya bi su a gicciye, wannan gefe sannan wancan, ba tare da matsawa da ƙarfi ba, don kada robar ta tsage. Tsohon man kuwa sai da ya auna shi a kwalabe, ya mayar da sabo daidai abin da ya fita, ta mazurari. Ja ne garau, har Inna ta leƙo ta ce wa ya zuba zoɓo a galan. Kawu ya ce tsohon buwat ba a yi masa wankin ƙarfi, a hankali ake bi da shi, bayan wata guda za a sake wani juyen.

Aka sauke motar. Ya sa Baba ya tayar da ita, ya taka birki, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ɗan dakatawa a kowace. Kawu ya sake duba sandar gwajin, ya ƙara kaɗan. Da Baba ya sa giyar gaba, ban kai ga ƙirga biyu ba ta kama.

"Mu je mu gwada ta," in ji Baba. Kawu ya nufi ƙofar direba kamar yadda ya saba shekara talatin, sai ya tsaya, ya zagaya ya shiga ɗaya gefen. Na shiga baya. Baba bai nufi ko'ina ba sai tudun nan na wajen masu kifi. Motar ta haye shi ba gardama, ya juyo ya sake hawa. Da muka dawo gida ya ce mini, "Gobe in za ki wani wuri, ki faɗa." Ya kashe inji. "Amma kunnenki ya ji daidai."

Motar nan ta yi shekaru bayan haka. A shekarar da mutanen bakin kogi suka fara barin garuruwansu saboda tashin hankali, ita ta kwaso dangin Inna na Barwa daga inda suka yada zango a gefen kwalta, sahu bayan sahu, Baba na tuƙi, Kawu na gefensa.

Yau Diffa ta cika da irin waɗannan motoci, na ma'aikata da na masu aikin agaji, yaran gareji ma da na'ura suke duba su. Gonar bakin kogi mun daɗe ba mu taka ta ba. Baba ya riga mu gidan gaskiya. Kawu yana nan, idonsa ya yi rauni, ni nake kai shi asibiti a tawa motar. Yakan zauna a gaba, ba ya cewa uffan a kan tuƙina. Sai dai duk mararrabar da muka iso, ina ganin ƙafarsa tana danna ƙasa, yana taya ni taka birki.