Kofin Ruwa a Motar Reuben

Duk wanda ya taɓa kai taya gyara a Dutse ya san Malam Abdulkahar mai faci, ko da bai riƙe sunansa ba. Rumfarsa na nan a bakin titin Kiyawa, ƙarƙashin wata darbejiya, duwatsun gari suna bayanta. Ɗan gidan malamai ne daga Kafin Hausa. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a makarantar allo, shi kuwa hannunsa ya ƙi alƙalami ya kama ƙarfe. Ya daure ya sauke Alƙur'ani don ya fita haƙƙin tsohon, ya tafi Kano ya koyi faci, da aka ƙirƙiro Jigawa ya kwaso komatsansa ya zo Dutse. Yau shekara talatin da 'yan kai ke nan, gemu ya yi fari fat.

Faci dai kowa na yi. Abin da ya fito da shi shi ne daidaita manyan tayoyi, masu kaurin haƙoran nan da ake sa wa motocin shiga ƙauye don yashi da taɓo. Irin wannan taya in ɓari ɗaya ya fi nauyi, da an ɗan taka mota sai sitiyari ya kama karkarwa. Malam ba shi da inji. Wani tsohon gindin taya ne ya kafa a jikin ƙarfe. Zai wanke tayar ciki da bai, ya ɗora ta, ya juya, ya koma gefe ya zuba mata ido. Inda ya fi nauyi shi ke sauka ƙasa. Sai ya shata saman da alli, ya maƙala guntuwar dalma a bakin rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya sake juyawa, har sai ta tsaya duk inda aka tsayar da ita. Yakan ce, "Tayar da ta bar hannuna ba ta rawa." Kuma gaskiyarsa ce, sai dai ya cika son faɗa.

A cikin masu kawo masa aiki babu kamar Reuben Jang, mutumin Filato, direban gwamnati. Da ya yi ritaya ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura, ya sa mata manyan tayoyi, yana ɗaukar buhunan hatsi daga ƙauyukan Miga da Buji. Shekara ashirin suna tare, ga tsokana tsakaninsu. In an gama aiki Reuben zai cika kofin silba da ruwa ya ɗora a gaban mota, su hau titi tare. In ruwan bai zuba ba sai ya ce, "To, Malam, yau ma ka tsira." Ranar sunan jikan Malam, Reuben ne ya kwaso 'yan Kafin Hausa a motarsa, bai karɓi ko sisi ba.

Wata Juma'a da damina Reuben ya iso daga fadamar Miga, mota ta yi buɗu-buɗu da laka. An riga an yi kiran salla. Malam ya watsa wa tayar gaba ruwa ta waje kawai, ya juya ta, ya sa dalma, ya ɗauki dardumarsa. Bayan kwana uku Reuben ya dawo.

"Malam, motar nan tana rawa fa."

Da mutane a rumfar, sai abin ya soki Malam. Ya ce, "Hannunka ne ke rawa, tsufa ya zo. Tayata ba ta rawa."

Aka yi dariya. Reuben bai yi ba. Ya dube shi, ya ce, "Shi ke nan," ya ja motarsa. Wata uku cur yana wucewa ta gaban rumfar, ya ɗaga hannu, Malam ya ɗaga, ba mai tsayawa. Matar Malam, Mu'minatu, ta yi magana har ta gaji. Ta ce, "Malam, girman kai rawanin tsiya ne. Me zai rage ka in ka kira shi ka duba?" Ya ce gobe. Kullum gobe.

Wata safiya motar ta tsaya a gaban rumfar, amma ba Reuben ne ya fito ba. Babban ɗansa ne, Promise, idanu jajur.

"Baba, mahaifinmu ya rasu jiya. Hawan jini ne. Da azahar za mu kai shi gida Filato, a motarsa ya ce a kai shi. Amma tana jijjiga, Mama ta ce ba ta son akwatin ya yi ta bugawa a hanya."

Malam ya yi salati, ya zauna a kan wata taya. Baƙin ciki ya cika shi, kunya kuma ta fi baƙin cikin ciwo. Da ya samu ya miƙe, da kansa ya sa jak ya kwance tayar gaba, ya kifa ta. Ga shatin nan a cikin rim, inda busasshiyar laka ta taɓa manne ta faɗi. Ga dalmarsa daidai ɗaya ɓarin. Wato laka ya auna ran nan, ba taya ba. Da lakar ta kakkaɓe, dalmar da ya sa da hannunsa ita ta zama ciwon.

Ya ɓamɓare ta ya jefa a aljihu. Ya wanke tayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, har da soso, ya juya, ya shata, ya sake juyawa. Masu babura suka zo a sa wa tayoyinsu iska ya ce su yi gaba. Da ya gama ya buɗe aljihun mota, ga kofin silbar yana nan. Ya cika shi, ya ɗora, ya ce wa Promise, "Ja mu je, ka taka ta sosai." Har suka isa ƙofar gidan Reuben ko ɗigo bai zuba ba.

Martha, matar marigayin, tana zaune a tsakar gida cikin mata 'yan cocinsu. Malam ya durƙusa daga nesa.

"Maman Promise, ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana. Na zo in faɗa miki, rawar motar nan laifina ne. Ya gaya mini gaskiya na ƙaryata shi a gaban mutane."

Ta share ido da bakin zane. "Ya sani, Malam. Yara sun yi sun yi ya kai ta wani wuri ya ƙi. Ya ce Malam ne ya sa dalmar, Malam ne zai cire, ranar da ya huce zai kira ni."

Da azahar aka sa akwatin a bayan mota. Ya tsaya a bakin titi yana kallon tayoyin suna tafiya sumul har suka sha kwana, hannunsa cikin aljihu yana damƙe da guntuwar dalmar. Ko rabin tafin hannu ba ta kai ba, cire ta kuwa bai ɗauke shi minti ɗaya ba.