Ƙafar Kaka a ƙarƙashin asabari

Duk sanda murfin tukunya ya fara kaɗawa a kan wuta, Baba nake tunawa. Haka gwangwaninsa yake ƙara idan yana tafasa allurai da sirinjin gilashi, a ɗakin shan magani na Affala, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. A takarda anfirme ne, mai jinya. A bakin mutanen gari kuwa likita ne, domin ba su da wani sai shi.

Kada ka ɗauka sunan ya sayo masa girma. Ana jin tsoron allurarsa, ana kuma raina aikinsa. Maza suna cewa wanke gyambo da kwashe amai hidimar mata ce, kuma wasu idan sun gaisa da shi sai ka ga suna goge hannu a riga. Akwai magidantan da ba su yarda ya duba matansu ba, sai dai su zo da kansu su faɗi ciwon, kamar su ne masu cikin. Baba bai cika magana ba. Sabulu dai yake ƙararwa.

Cikin masu rainin babu kamar kakata, mahaifiyar Inna. Tun ana neman aure ta ce ɗiyarta ta fi ƙarfin mai wankin gyambo, aka dai rinjaye ta. Ga kuma kunyar surukuta, wadda a wancan zamani ba wasa ba ce. Suruka ba ta kallon mijin ɗiyarta, ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci a inda yake. Idan Kaka ta hango farar rigarsa a hanyar rijiya, sai ta ratse cikin hatsi har ya wuce.

Wata shekara bayan girbi ta taka tsinin kara a gona. Ta ɗaure da tsumma, ta shafa abin da tsofaffi suke shafawa, ta yi shiru. Wari ne ya tona ta. Inna ta dawo daga gidanta tana kuka, ta kwatanta wa Baba yadda ƙafar ta kumbura, ta fara yin baƙi. Ya ce idan baƙin ya haura idon sawu, sai an kai ta asibitin Tawa, can kuwa yankewa za a yi.

Ni aka aika da saƙon, domin jika ce kaɗai take iya faɗa wa kaka komai. Na ce mata za ta koma tsalle da ƙafa ɗaya kamar mai langa. Ta jefe ni da mafici.

"Gara su yanke ta," in ji ta, "da mijin ɗiyata shi ga tsiraicina."

Na ce ai ƙafa ba tsiraici ba ce. Na ga dai tana kallon ƙafar, kuma a ranar na fara ganin tsoro a fuskarta. Ni ma na tsorata ƙwarai.

Da safe ta sa aka saki asabarin ƙofar ɗakinta har ƙasa. Ta zauna daga ciki, ta turo ƙafar ta ƙarƙashinsa zuwa tsakar gida, ta ce da ni: "Hwaɗa ma likita shi zo. Likita nac ce, ba wani ba."

Baba ya zo da akwatinsa, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a gaban asabarin. Ya wanke ciwon, ya yanke ruɓaɓɓen naman, ya zuba jan magani, ya naɗe. Ko tari Kaka ba ta yi ba, yatsunta ne kawai suke lanƙwashewa. Idan yana da tambaya ni yake yi wa, ni kuma in maimaita, alhali tsakaninsu bai kai kamu biyu ba. Ita ma haka. "Ce mishi hannunshi da nauyi," sai in ce, sai ya sassauta.

Haka muka yi kullum har sanyi ya wuce. Da labarin ya kai Tawa, abokan aikinsa suka riƙa tsokanarsa wai ya zama likitan asabari. Ƙafa dai ta warke. Ranar da Kaka ta fara komawa rijiya ta hango Baba daga nesa a hanya, ta juya ta bi ta bayan wani rumbu, tana ɗingishi. Ba ta taɓa yi masa godiya ba. Amma daga shekarar ban sake jin kalmar gyambo a bakinta ba, kuma wata maƙwabciya da ta faɗe ta a gabanta ba ta ji da daɗi ba.

Yanzu ɗana ne yake aikin jinya a Tawa. Surukarsa kan kira shi a waya, ta zo ta zauna a gabansa, ta naɗe hannun riga ya auna mata jini suna hira. Ban ga laifin haka ba, rai ya fi. Da na ba shi wannan labari ya yi ta dariya, sannan ya tambaye ni ko da gaske kakansa bai taɓa ganin fuskar Kaka ba.

Na ce bai taɓa ba. Ranar da ta rasu ina leƙe daga zaure aka fito da makara. Maza suka matsa wa Baba ya kama ta gaba, wajen kai, don girmamawa. Ya girgiza kai, ya zagaya baya.

"Ku bar ni wajen ƙahwahu," ya ce. "Nan munka saba."