Maɗin Inabin Maƙwabciyarmu

Shekarar da muka tashi daga garin Greenbelt muka koma garin Bowie, can ƙasar Turawa, ina 'yar sha huɗu, na yi wata uku ban ga ƙafar ɗan Adam a titinmu ba. Kowa daga gareji sai mota, daga mota sai gareji. Abba yana gidan rediyo, Umma tana asibiti, ni kuwa in na dawo makaranta sai in zauna bakin ƙofa ina gaida kurege, har ya fara amsawa.

Mutum ɗaya ce ke fitowa waje, tsohuwar gidan kusa da namu, 'yar Italiya. Mijinta ya rasu, ɗanta ya yi nisa. Don gajarta, in tana bayan shinge ɗankwali kawai za ka ga yana tafiya. Na tambaye ta ko daga Roma take, ta harare ni kamar na zagi kakanta. Ta ce daga Molise take, yankin duwatsun da ko 'yan Italiya mantawa suke yi da shi. Na ce mu ma a ajinmu an ɗauka Hausa sunan abinci ne. Daga ranar na fara ce mata Kaka, kuma ita ce kaɗai ƙawata a garin.

A watan Oktoba take yin giya a garejinta yadda ake yi a ƙauyensu. A zuba inabi a ƙaton baho, a tattake da ƙafa, a bar shi ya tsima, kuma ba a juye shi a tulu sai wata ya fara raguwa. Gwiwoyinta sun gaji, nawa kuwa ba su da aikin yi. Na wanke ƙafa na faɗa bahon, na yi rawar da ban taɓa yi a biki ba. Ƙafafuna suka rine, na yi mako guda cikin safa ina ce wa Umma sanyi nake ji.

Da ta ji ba ma shan giya, sai ta ɗebi ruwan farko tun bai tsima ba, ta ɗora a tukunyar tagulla. Tun safe yake dahuwa, na zo da la'asar na karɓi juyi, har ya zama maɗi, ya yi baƙi ya yi kauri kamar zuma. Ta ce a wurinsu yara ma suna lasa.

"Wannan na mamarki ne," in ji ta.

Da Babbar Sallah Umma ta aike ni da kwanon soyayyen nama. Washegari Kaka ta dawo da kwanon da kanta, da maɗin a tsohuwar kwalbar giya. Umma ta karɓa da fara'a, ta rufe ƙofa.

"Innalillahi! Mu ba ta naman layya ta rama mana da barasa?"

"Umma, ƙila ba..."

"Ƙila me? Ke ina kika san abin da ke ciki?"

Na dubi safata. In na ce maɗi ne, sai na faɗi inda nake yini, da abin da na tattake.

"Ban sani ba, Umma."

Ta ƙi zubarwa inda muke wanke-wanke. Ta riƙe kwalbar da leda ta kai bakin shinge ta kifa. Abin ya ƙi sauri, yana ɗiga, tana girgizawa tana cewa, "Ji wata giya kamar kwalta!" Kaka na tsaye ƙarƙashin rumfar inabinta tana kallo. Ba Umma take kallo ba.

Ranar Litinin na tarar da garejin a rufe. Na ƙwanƙwasa, ta leƙo, ta tambayi makaranta, ta ce ta gaji.

Sai da na yi kwana tara kafin na faɗa wa Umma komai. Na sha faɗan da har maƙwabtan da ba su fitowa suka ji. Daga baya ta yafa mayafi ta ja ni muka je, ta ba da haƙuri. Kaka ta riƙe hannunta ta ce ba komai, ai uwa ba ta sani ba.

"Amma ke kin sani," ta ce da ni a hankali.

Ba ta ƙara kirana ta shinge ba. Da sanyi ya wuce ɗanta ya zo ya tafi da ita. Ina tsaye bakin titi da maganar da na yi wata biyar ina shiryawa, motar ta wuce, gilashi a rufe.