Sa'ar Haihuwar Ɗan Fari

A shekarun da na zauna a Lewisham, a kudancin London, wata tsohuwar Baturiya ce a ƙasan flat ɗina. Malamar lissafi ce da ta yi ritaya, ba miji ba ɗa, sai wata kyanwa mai baƙin hali da ba ta taɓa amsa mini gaisuwa ba. Ni kuwa aikina tafinta ne a asibitocin kuɗi na Marylebone, inda alhazai da hajiyoyinmu na Arewa suke zuwa ganin likita. Da safe in shiga jirgi in tafi, da yamma in dawo da ciwon mutane cike da kaina.

Abin da tsohuwar nan ta mayar sana'a bayan barin aji shi ne zana wa mutane taswirar taurarin haihuwarsu. Takan zana da'ira a farar takarda, ta yanka ta kashi goma sha biyu kamar ɓarin lemu, kowane yanki ta kira shi gida. Ran da ta fara nuna mini na gaya mata cewa mu ma muna da masu duba a ƙasa da yatsa, kuma tun muna yara malaminmu ya ja mana kunne a kansu. Ta ce ita ba ta faɗin abin da zai faru gobe, tana dai nuna inda aka ajiye kowane kaya ne. Ban yarda da abin ba a lokacin, yau ma ban yarda ba. Amma Lahadin London tana da tsawo, ga sanyi, ita kuma ta iya haɗa shayi.

A haka na koyi gidajen ba da niyya ba. Na farko shi ne mutum kansa, fuskar da yake fita da ita cikin jama'a. Na ce mata wannan ai zaure ne. Na huɗu yana can ƙasan da'irar, shi ne asali da iyaye da gidan da mutum ya tashi. Na bakwai na aure ne da abokin tarayya, kuma a nan ɗin dai aka sauke abokin gaba na fili, abin da ya sa na ce duk wanda ya tsara wannan lissafi ya taɓa aure. Na tara na doguwar tafiya ne da neman ilimi, ta ce da za ta zana wa duk baƙin da ke layinmu, da wannan gida ya cika ya batse. Na ƙarshe ba ta son daɗewa a kansa: asibiti, kurkuku, da abin da mutum ya ɓoye wa kansa. Sauran kuwa dukiya ce da 'yan'uwa da 'ya'ya da aiki da matsayi da gado da abokai, kowa da ɗakinsa.

Sai ta ce za ta zana nawa, a nan aka tsaya. Ranar haihuwa, in ji ta, tana nuna inda taurari suke ne kawai. Sa'ar haihuwa ce take nuna gidan da kowanne ya sauka, domin sama juyawa take yi, wanda aka haifa da hantsi da wanda aka haifa da la'asar a rana ɗaya ba tsarinsu ɗaya ba. In babu sa'a, taurarin mutum baƙi ne da ba a ba su masauki ba.

Ranar ba ta ba mu wuya sosai ba. Fasfo ɗina yana cewa ɗaya ga Janairu, kyautar hedimasta ce, rabin ajinmu ranar aka haife mu. Amma kakata ta sha gaya mini jajibirin ƙaramar sallah na zo, kuma na san shekarar, sai tsohuwar ta shiga littattafanta ta fito da ranar Turawa. Sa'ar fa? Kakata ta rasu, ungozomar ta riga ta, mahaifina kuwa yana fatauci a kudu lokacin. Baturiyar ta ce in tambayi mahaifiyata mana. Ta faɗe shi kamar ta ce in miƙo mata gishiri.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In ta kama dole, sai ta ce "yayanku" ko "mutumin can". Da aka yaye ni aka miƙa wa kakata, a ɗakinta na girma, ina ganin Inna a tsakar gida tana goya ƙannena tana yi musu wasa. In na shiga gaishe ta takan amsa tana kallon wani wuri. Kunya ce ta ɗan fari, kowa ya sani, har yaba mata ake yi a kan yadda ta riƙe ta. Ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. Amma na kai shekara arba'in ina so, ko sau ɗaya, in ji ta yi wata magana a kaina ina wurin. Na yi wa Baturiya bayanin al'adar, ta saurara da kyau, ta ce abin sha'awa ne, kuma na ga alamar ba ta gane komai ba. Da'irata ta zauna a aljihun teburinta ba gidaje.

A farkon shekarun alif ɗari tara da casa'in cutar yana ta rufe wa Inna ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. Na sa aka kawo ta a yi mata aiki, autarmu ta rako ta. Zamanmu a asibiti abin dariya ne. Likita ya yi tambaya, in mayar da Hausa, Inna ta juya ta ba auta amsa, auta ta dube ni, ni kuma in mayar wa likita abin da kunnena ya riga ya ji. Tafinta da nasa tafintan. A gida ma haka: "Ki tambayi yayanki ina gabas take a garin nan." Aka ɗaga ranar aikin, na shigo na ce wa auta, "An yi cancel, sai wani satin," a raina kuwa murna nake yi da ƙarin kwanakin. Ga shekarun Inna, ga hawan jini, ni kuma zuwana gida sai an daɗe. Na san ba za ta sake hawa jirgi ta zo ba.

Aka yi aiki, ido ya buɗe. Abin da ta fara cewa shi ne auta ta sa a wanke labulen falo.

Ranar Lahadin da ta rage musu kafin tafiya, da rana, Baturiya ta hau sama da kek a faranti. Na riga na roƙe ta kada ta ta da maganar sa'ar nan, ta ce to. Aka gaisa, Inna ta sa mata albarka, ta yaba furfurarta. Ba a sha rabin shayi ba tsohuwar ta ajiye kofi, ta dubi Inna, ta tambaye ta da ƙarfe nawa ta haife ni.

Da na so da na sauya tambayar, ba yau na fara rage wa maganar likitoci kaifi ba. Amma Inna ta ji muryar tambaya, ta ce wa auta, "Me take cewa?" Auta ba ta jin Turanci. Na kafa wa kafet ido na faɗa da Hausa. Auta ta tashi tsam ta kwashi kofunan da ba a gama da su ba ta shige kicin.

Inna ta gyara mayafi, ta juya jikinta gaba ɗaya wajen Baturiyar, ta ba ni kafaɗa. Baƙuwa ce, ba dangi ba, ba suruka ba, babu kunya a tsakaninsu.

"A gidanmu ne, na je goyon ciki," ta ce. "Tun azahar abin ya taso, ban gaya wa kowa ba, ana ta hidimar sallah. Rana ta faɗi, aka kira magariba, mutane suka sha ruwa suka fita neman wata. Yara na ɗaukar ihu an ga wata, shi kuma yana faɗowa."

Na mayar da Turanci. Tsohuwar ta kusa tashi tsaye don daɗi, ta ce ko agogon asibiti bai fi wannan ba. Rana ta riga ta nutse, ke nan ta sauka a gida na shida, na aiki da yi wa mutane hidima, jinjirin wata kuma yana sama da ita kaɗan, a na bakwai. Ta shiga laluben alƙalami a jaka. Ita dai ta samu abin da ta hau sama nema. Inna kuwa ba ta gama ba.

"Da aka wanke shi aka miƙo mini, na kau da kai, ɗaki cike da mata. Da suka watse suka tafi ƙunshi, sai na janyo fitila na buɗe zanen. Na ƙirga yatsunsa, na hannu da na ƙafa. Na daɗe ina kallonsa. Tun daga ranar ban ƙara samun ɗaki ba kowa ba."

Baturiya ta ɗago ta tambaye ni me aka ce. Na ce mata cewa ta yi ta tabbata, bayan faɗuwar rana ne kaɗan.

Inna ta waiga wajen kicin, auta ba ta fito ba, sai ƙarar famfo. Sai ta juyo ta dube ni.

"Maganata ta fi haka tsawo," ta ce. "Faɗa mata duka."

A aikinmu tafinta ba ya cewa "ta ce", da bakin mai magana yake faɗi, kamar shi abin ya faru da shi. Haka na fara: na kau da kai, na jira suka watse, na janyo fitila. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ba ta ɗauke ido daga fuskata ba. Da na zo wurin yatsun sai na tsaya, ita kuwa ta jira ni.